Daga Kano zuwa Gana ta mota, ni kaɗai da jakar goyo: me ya fi ɓata wa matafiyi tafiya?

Auwalu_Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Ina da hutun mako uku a watan Janairu, na kuma ƙudurta zan yi tafiya ta ƙasa ni kaɗai: Kano, Legas, Kwatano, Lome, Akra, in kuɗi sun kai in haura Kumasi da Tamale. Jakar goyo ɗaya zan ɗauka. Fasfona sabo ne fil, ba a taɓa buga masa hatimi ba, Faransancina kuma bai wuce gaisuwa ba. Tambayata biyu ce. Wane irin tsautsayi ne ya fi samun mai tafiya shi kaɗai a wannan hanya, kuma me ke jawo shi? Sannan ana ta ce mini Bahaushe ba ya rasa masauki a zango. Yaya ake shiga mutanen zango har a yi zumunci, ba tare da na zama kaya a kansu ba, ko na faɗa hannun da bai dace ba? Don Allah waɗanda suka san hanyar su taimaka.

Malam Sani Mai Goro

Wa alaikumus salam, Auwalu. Matambayi ba ya ɓata. Bari in ɗauki ɓangaren takardu, don a nan tafiya take lalacewa tun ba a je ko'ina ba.

Biza dai ba ka bukatarta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga sauran ƙasashen ya zauna har kwana 90, kuma Benin da Togo da Gana duk suna ciki. Amma fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, ɗayansu dole ne. Takardar NIN da katin zaɓe ba takardun fita ƙasa ba ne. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ka yi ta tun a Disamba, kada ka bari sai ana jibi tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kenan babu maganar kati ya ƙare. Kada ka sayi kati ba a yi maka allurar ba. Na yanzu yana da lambar da ake dubawa da waya, sannan cutar kanta tana kisa.

Boda uku ce a gabanka: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Gana, wadda ke manne da birnin Lome. Kowace boda hatimi biyu, na fita da na shiga, wato shida kafin ka kai Akra. Ka riƙa ƙirga su. Babban abin da ke jefa sabon matafiyi cikin wahala shi ne 'yan acaɓan da za su tarbe ka tun kafin ka sauka daga mota, su ce za su bi da kai ta bayan gari, ba layi ba tambaya. Za su tsallakar da kai kuwa. Matsalar tana jiranka a boda ta gaba, inda jami'i zai buɗe fasfo ya nemi hatimin shigarka Benin ya rasa. Daga nan ka zama wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, kuma abin da za ka kashe kafin ka fita ya ninka abin da ka guje wa. Kafin ka bar gaban taga, ka duba hatimin da idonka: kwanan wata daidai ne? Kwana nawa aka rubuta maka? Abin da aka rubuta da biro shi za a bi, ba abin da ka sani a ka ba.

Za a nemi kuɗi wai don fasfonka sabo ne. Wannan ba ya cikin doka, amma ɗaga murya ba ya kai mutum ko'ina a wurin. Ka yi sallama, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, ka nemi rasit cikin ladabi, ka kuma nuna ba sauri kake ba, don mai sauri ake tatsa. Ƙananan kuɗi su zauna a aljihu dabam, kada ka taɓa zaro damin kuɗinka a gaban shinge. Fasfo kuwa ba a miƙa shi sai ga mai kaki da ke bayan tebur.

Ka kwana Legas, ka tashi bayan asuba, don hanyar Badagiri cike take da shingaye, kilomita 80 da wani abu suna iya cin rabin yini. Ka tsallaka kowace boda da rana. Tun da fitarka ta farko ce, ni shawarata ka shiga babbar motar da ke tashi daga Legas har Akra kai tsaye, ma'aikatansu su ke bin layin hatimi da fasinja.

In ka kai Tamale, ka dawo ta hanyar da ka bi. Kada taswira ta ruɗe ka ka ce za ka yanke ta Burkina Faso da Nijar zuwa gida. Ƙasashen biyu da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma mafi muni shi ne rashin tsaro a hanyoyin gabashin Burkina Faso. Haka ma ƙuryar arewacin Benin, wajen dajin Panjari da na W.

Ɗan Gaya

Malam Sani ya gama da takardu. Ni kuɗi zan yi wa magana, don a nan ɗan Najeriya ya fi shan kunya, kuma sau da yawa ba cutarsa aka yi ba, lissafin ne bai gane ba.

Benin da Togo sefa ɗaya suke ci, ta Afirka ta Yamma, an rubuta BCEAO a jikinta. Ta Kamaru da Cadi, mai BEAC, dabam ce, ba za a karɓa a kasuwa ba, ka duba kada ɗan canji ya cusa maka ita a tsakiya. An ɗaure sefa da Yuro: Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira ce ke hawa da sauka, don haka ka tambayi farashi wurin mutum uku kafin ka canza. A boda ka canza na mota da abinci kawai, ragowar sai ka shiga gari, a Kwatano wajen Zongo ko Jonke. Ka yi lissafin a wayarka, ka karɓi sefar ka ƙirga a hannunka, sannan ka miƙa naira. In ɗan canji ya ce ka kawo ya sake ƙirgawa, to ka sake ƙirgawa kai ma, don a wannan juyin ne takarda ke zamewa. Takardar da ta yage ko aka liƙe ta, ka ƙi ta, masu shago ma ƙin ta za su yi.

Ga inda Hausa ke ruɗa Bakano. Da yawa daga 'yan kasuwar zangon Kwatano da Lome mutanenmu ne na Nijar, kuma mu da dala muke lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari sefa 500. Jika ɗaya sefa 1,000, ba 200 ba kamar yadda kuke cewa jaka a naira. Duk abin da aka faɗa maka da dala, ka ninka sau biyar. In ka yi shakka, ka rubuta lambar a waya ka nuna. A Gana ma akwai makamancin haka: a 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma har yau wasu dattawa da tsohon lissafi suke magana, in suka ce miliyan ɗaya sidi 100 suke nufi.

Canji yana wahala a ƙasashen sefa. Ka ba ɗan zemijan, wato acaɓan Kwatano masu rawayar riga, takardar 10,000 a kan tafiyar 300, sai ku tsaya kuna kallon juna. Ka fasa manyan takardu a gidan mai ko babban kanti, ka tara 500 da 1,000 da silalla. Ku gama ciniki kafin ka hau, kuma ka tabbatar kuɗin mutum ɗaya ne ko shatar mota duka, da jaka ko ban da jaka. Ƙananan motocin Kwatano zuwa Lome mutum shida suke ɗauka, biyu a gaba huɗu a baya. In ka biya kuɗin kujera biyu, gaba ta zama taka kai da jakarka.

Kada ka dogara da katin banki na naira. Ka je bankinka ka tambaya ko yana aiki a waje da iyakar abin da zai cire. Ka raba kuɗinka gida uku: na yini a aljihu, na mako a ɗamara ƙarƙashin riga, na ko-ta-kwana a can ƙasan jaka inda ba ka taɓawa.

Hajiya Rabi Nima

Ɗana Auwalu, sannu da niyya. Tambayarka ta biyu ita ce ta fi, kuma ita maza suka tsallake.

Gaskiya ne, daga Kwatano har Tamale da wuya ka shiga babban gari ka rasa zango. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja da Salaga ake saukar baƙi a nan, har yau kuma al'adar ba ta mutu ba. A Akra akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama. Za ka ji Hausa a bakin mutanen da asalinsu Dagomba ne ko Kotokoli ko Zabarmawa ko Mosi. Hausarmu ba irin ta Kano ba ce, mace ma "ya zo" muke ce mata. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Wannan abu ɗaya ya rufe wa samari da yawa ƙofa, ba su ma san dalili ba.

Shiga zango ta ƙofa ake yi. Ƙofar farko ita ce tun daga gida: a Kantin Kwari ko Kurmi ko wajen 'yan goro ba za ka rasa mai ɗan'uwa a Kumasi ko Akra ba. Ya kira shi a gabanka, ya ce ga yarona nan zuwa. Wannan kiran ya fi duk wata takarda. In babu, ka je babban masallacin unguwa da azahar ko la'asar, ba da dare ba, ka yi salla, ka gaida liman ko ladan, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka da ranar tafiyarka. Su za su haɗa ka da mai unguwa ko sarkin zango. Wanda ya tare ka a tasha ya ce zo mu je gidana, don kawai ya ji Hausa a bakinka, ka gode masa ka karɓi lambarsa, amma daren farko ka kwana a masaukin kuɗi. Gobe da rana ka ziyarce shi ka ga gidan, ka ga su wa ke ciki. Ina nanata wannan ne don akwai gidajen da ake tara samari ana damfara ta intanet, akwai kuma masu yaudarar yara da alkawarin aiki su karɓe musu fasfo da waya. Ranar da 'yan sanda suka kai samame, duk wanda ke ɗakin ake kwashewa, ba a tambayar wane ne baƙo.

In an sauke ka, ka san gidajen Nima a matse suke, wani ne ya bar maka katifarsa. Kwana uku ya isa, baƙo raɓa ne. Kada ka miƙa wa mai gida kuɗin ɗaki, zai ji kunya ko ya ji haushi. Ka zo da tsaraba mara nauyi: hula, turare, dabino. Ka sayo burodi da kayan shayi da safe ba tare da an ce ka yi ba, ranar tafiya ka ba uwargida wani abu ka ce na yara ne. Ka ci abin da aka ba ka. Wace, wato shinkafa da wake, da tuwon zafi da koko da ƙosai duk za ka gane su, sunayen ma namu ne. In ka koma gida ka riƙa kira, ka yi barka da salla. Zumunta a ƙafa take, yanzu kuma waya ta rage nisa.

Sai maganar saƙo, ka buɗe kunne. Da zarar an san za ka tsallaka boda, wani zai kawo ƙunshi ya ce don Allah ka kai wa ƙanena a Lome. Mun taso da cewa ƙin karɓar saƙo rashin kirki ne, masu safarar ƙwaya kuma sun san haka. A gaban kwastam, abin da ke jakarka naka ne, ba mai sauraron "ba ni aka yi". In mutumin kirki ne, ya buɗe a gabanka ka ga komai, ku sake ɗaurewa tare. Wanda ya ji haushin buɗewa, ka bar masa kayansa. Haka mai nuna maka garin zinare a kwalba wai yana neman mai saye da araha, ko kallo kada ka tsaya yi.

Kada kuma ka maƙale a zango kaɗai, ai da sai ka zauna Fagge. A masaukan matafiya na unguwar Osu a Akra da garin Kef Kos za ka haɗu da Turawa da 'yan wasu ƙasashen Afirka masu jakar goyo irinka. Ana haɗa kuɗin mota da su zuwa dajin Kakum ko tsohon ginin Elmina da aka riƙa tsare bayi a cikinsa, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ka faɗa musu tun farko ba ka shan giya kuma za ka tsaya salla, galibi suna girmama wanda ya fito fili.

Nasiru Nas

Ina neman afuwar Malam Sani, amma ban goyi bayan shiga mota kai tsaye ba. Auwalu ganin ƙasa ya fito yi. In ya shiga ta Akra, Benin da Togo ta taga zai gan su. Gara ya yi ta gaɓa-gaɓa: kwana biyu a Kwatano ya ga kasuwar Dantokpa da Ganbiye, garin da aka gina a kan tafki, kwana ɗaya a Wida, biyu a Lome. In tsoron boda ne, ya shiga babbar motar zuwa Kwatano kawai, ya ga yadda ake yi a Seme, sauran biyun ya yi da kansa.

Jaka kada ta wuce lita 40, nauyi kilo 8 zuwa 10, yadda za ka ɗora ta a cinya a cikin trotro, ƙananan bas na Gana. Duk jakar da ta hau saman mota ta fita daga idonka. Kaya kala uku, silifa, ƙaramin kwaɗo, tocila, gidan sauro mara nauyi da igiyarsa, da rigar sanyi ɗaya don Tamale da hunturu. Soket ɗin Benin da Togo mai rami biyu zagayayye ne irin na Faransa, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta. Gana irin namu ne. Kada ka ɗauki komai mai zanen kakin soja, ko wando ko hula, an hana farar hula sawa a Gana. Kada ka ɗauki hoton boda, barikin soja ko fadar shugaban ƙasa. Agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara a Hilakonji.

Ciwo biyu ne ke kwantar da matafiyi. Na farko gudawa, daga ruwa, ƙanƙara da ganyen da ba a dafa ba. Ka sha ruwan gora ko na leda mai hatimi, ka ci abinci da zafinsa a inda ka ga layi. Ka riƙe ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, kamar biyar. In sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ka ga jini a bayan gida ko zazzaɓi ya haɗu da ita, asibiti kai tsaye. Na biyu zazzaɓin cizon sauro. Jikinka ya yi zafi, ka yi gwaji a ranar, kada ka ce gajiyar hanya ce. Maganin ACT da aka fi bayarwa sau shida ake sha cikin kwana uku, tare da abinci mai maiƙo, kuma a shanye shi ko an ji sauƙi. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai lura ya fara rikicewa, don haka ka gaya wa mai masaukin ba ka da lafiya, ya riƙa leƙo ka. Duk maganin da kake sha kullum, ka bar shi a kwalinsa da takardar likita, tiramadol da kodin kuwa kada su shiga jakarka.

Abin da ya fi ba ni tsoro ga ɗan Arewa shi ne teku. Gaɓar Wida da Gran Popo da Lome tana da kyau, amma ƙasan yana zurmawa nan da nan, kuma ruwan da ke komawa yana jan mutum ciki da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya iya ja da shi. Wankan kududdufi ko dam bai koya maka wannan ruwan ba. Kada ya wuce maka idon sawu, kada kuma ka juya masa baya don ɗaukar hoto. Bayan magariba ka bar bakin teku gaba ɗaya, masu ƙwace ne ke wurin.

Abinci a kudancin Benin da Togo ka riƙa tambaya, naman alade ya yi yawa. Kalmomin su ne *porc* da *cochon*. Kifi ko mai tsiren zango sun raba ka da shakka.

Auwalu_Fagge

Allah ya saka da alheri, na rubuta komai. Hajiya, na gode ƙwarai, maganar saƙon nan da ban ji ta ba da na karɓa. Saura biyu: in fasfo ya ɓata a can fa? Sannan kasaru zan yi ta yi har mako ukun?

Malam Sani Mai Goro

Nasiru ya fi ni gaskiya, ka bi tsarinsa.

Maganar fasfo tun daga gida ake shirya mata. Ka yi kwafi biyu na shafin hotonka da na yalo kad, ɗaya a jaka, ɗaya wurin wani a gida, ka kuma tura hotonsu a imel ɗinka, don waya da fasfo sau da yawa tare ake sace su. Ka ɗauki ƙananan hotuna huɗu, ka rubuta lambobin mutum uku a takarda. Duk hatimin shiga da aka buga maka, ka ɗauki hotonsa bayan ka bar harabar boda. In ya ɓata, ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda abin ya faru a ranar, ka karɓi rahoto a rubuce. Da shi da kwafin da hotunan za ka je ofishin jakadancin Najeriya, akwai a Kwatano da Lome da Akra, su ba ka takardar gaggawa ta komawa gida. Ta komawa ce kawai, ba za ka ci gaba da yawo da ita ba. Ba sa aiki Asabar da Lahadi, kenan kuɗin ko-ta-kwanan da Ɗan Gaya ya ce ka ɓoye su kai na kwana huɗu, ci da masauki. In ka je da wani dattijon zango da aka sani, maganarka ta fi saurin shiga.

Kasaru kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke bi, tafiya ta kai mil 48, wajen kilomita 80, sai ka mayar da azahar, la'asar da isha raka'a biyu-biyu. Garin da ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, da ka shiga ka cika salla, in ka tashi ka koma kasaru. A tsarin Nasiru, Kwatano da Wida da Lome duk kasaru ne, Akra ce wataƙila za ka cika. Direbobin kudu ba sa tsayawa don salla, saboda haka ka shiga mota da alwala, ƙaramar darduma kuma ta zauna a aljihun saman jaka, ba a ƙasa ba.